ITATUWA IRI-IRI MAGANIN ƘWARI NE

Zuwa ga dagatai da masu unguwa, da dukan manoma masu karatu.

Takardan nan an rubuta ta dominku, ku da ke da gonaki da itatuwa, ku da a ke neman shawararku sa'ad da gari ya yi niyyar dashe. Maganar da ke cikinta guda ɗaya ce. Idan za ku dasa itatuwa, ko kuwa za ku bar waɗanda suka tsiro da kansu, kada ku tsaya ga iri ɗaya. Gama ƙwari masu cin ganye da masu huda itace su kan sami ƙarfi inda iri ɗaya ya yi yawa, zafi da fari kuwa suna ƙara musu ƙarfi bisa ƙarfi. Za mu nuna muku dalilin wannan daki-daki, da abin da ya faru a ƙasan nan da waɗansu ƙasashe, domin ku auna da hankalinku.

1. ABIN DA YA SAMI DOGONYARO A BAKIN TAFKIN CADI

Kowa ya san dogonyaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya, waɗansu maina. Asalinsa ba na ƙasan nan ba ne, daga wajen Indiya ya fito. An kawo shi Barno wajen shekara ta 1928. Da aka ga yana jure ƙishi, yana girma da sauri, yana ba da inuwa har cikin bazara, sai aka yi ta dasa shi a bakin hanyoyi da kasuwanni da ƙofofin gidaje, har a garuruwa da yawa ya zama ba a ganin wani itace sai shi.

Cikin shekarun 1980 aka yi fari mai tsanani, watau ruwan sama ya kasa shekara da shekara. A lokacin nan wani ɗan ƙwaro ya faɗa wa dogonyaro a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Cadi, watau Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi. Ƙanƙane ne ƙwarai, launinsa rawaya-rawaya, ya kan manne ga ganye da ɗanyen reshe kamar ɗan ɓawo, ya kafa bakinsa yana tsotse ruwan jikin itacen. Ganye ya yi ta ƙonewa kamar an sa masa wuta, yana kakkaɓewa, rassa suka bushe, itatuwa masu yawa suka lalace.

Ku lura, abu biyu ne suka gamu a nan. Na ɗaya, itace iri ɗaya yana jere, reshe na taɓa reshe, ƙwaro bai sha wahalar neman abinci ba. Na biyu, fari ya riga ya raunana itatuwan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sauran takardan nan bayanin waɗannan abubuwa biyu ne.

2. ƘWARI KASHI BIYU NE

Kafin ku gane yadda gauraya itatuwa ke tsare su, sai ku san halin ƙwari wajen ci.

Kowane itace yana da nasa makami cikin ganyensa da ɓawonsa. Maɗaci yana da ɗaci, har daga nan ya sami suna. Bagaruwa tana da barci, shi ne majema ke jima da shi. Waɗansu suna da madara mai danƙo, kamar ceɗiya da baure, waɗansu ƙaro. Duk waɗannan garkuwa ce ta itace. Ƙwaron da cikinsa ya saba da dafin itace guda ba lalle ya iya da na wani ba. Saboda haka mafi yawan ƙwari masu cin ganye masu zaɓen abinci ne, suna cin itace iri ɗaya, ko shi da danginsa na kusa. Misali tsutsan nan da ke cinye ganyen kaɗanya da damina, wadda mutanen Nupe da na Burkina Faso ke tarawa su busar su ci. Kaɗanya ta ke nema, ko da wani itace mai ɗanyen ganye yana tsaye kusa.

Kashi na biyu su ne masu cin kome, sarkinsu kuwa fara. Ita ba ta tambayar sunan ganye, gero da dawa da ciyawa da itace duk ɗaya ne a gare ta.

Ku riƙe wannan rabo, gama za mu komo gare shi.

3. HANYA UKU DA GAURAYE KE TSARE ITACE

Hanya ta fari, ɓoyewa. Tsutsa ba daga ruɓa ta ke fitowa ba, kamar yadda waɗansu ke zato. Uwarta malam-buɗe-littafi ce, ko faɗa-wuta mai yawo da dare, ita ce ke saka ƙwai bisa ganye. Uwan nan ta kan nemi itacen da 'ya'yanta za su ci da ƙanshi da gani, tana sansana iska da 'yan gasu biyu da ke kanta. Idan dajin duka iri ɗaya ne, ƙanshin ya kan cika iska, duk inda ta sauka ta dace. Idan kuwa akwai iri-iri, sai ƙanshi ya gauraye, wani itace ya tare mata wani, ta yi ta yawo. Ranta kuwa gajere ne, sau da yawa 'yan kwanaki kaɗan.

An gwada wannan a ƙasar Faransa, kusa da birnin Bordo. A can suna da wani itacen katako mai ganye kamar allura, sunansa fayin, da wata tsutsa mai gashi da ke cinye ganyensa da hunturu. A shekara ta 2008 masana suka dasa itatuwa iri 5 cikin fangali-fangali, wani fangali iri ɗaya, wani a gauraye. Suka tarar inda aka haɗa fayin da wani itace mai faɗin ganye, wanda ya fi shi tsawo a lokacin, tsutsa ba ta kama fayin kamar inda ya ke shi kaɗai ba. Bayan 'yan shekaru, da fayin ya girma ya zarce maƙwabcinsa, sai tsaron ya ragu. Ashe ba kusantar juna kaɗai ba, har tsawon maƙwabci yana da amfani.

Hanya ta biyu, nisan abinci. Ƙwari ba su yin annoba sai abinci ya wadata kusa da kusa. Inda iri ɗaya ke jere, tsutsa ta gama da wannan ta haye wancan. Inda ya ke a warwatse cikin waɗansu, da yawa su kan mutu a hanya da yunwa da rana, ko wani abu ya cinye su.

Hanya ta uku, maƙiyan ƙwari. Kun sha ganin zanzaro yana ɗauke da tsutsa zuwa ɗakinsa na laka, abincin 'ya'yansa ke nan. Akwai kuma 'yan'uwansa ƙanana, waɗansu ba su kai sauro girma ba, waɗanda ke saka ƙwai cikin jikin tsutsa, 'ya'yansu su cinye ta. Ga rina, ga gizo-gizo, ga ƙoƙi-ƙoƙi, ga hawainiya da ƙadangare, ga ƙananan jemagu da dare, ga tsuntsaye da rana. Shamuwa da belbela su kan bi fara su ƙoshi. A kudu akwai jajayen tururuwa masu ɗinke ganyen mangwaro su yi gida, suna korar ƙwari daga itacen. Dukan waɗannan barorinku ne waɗanda ba ku biya, amma suna bukatar mazauni da abinci shekara duka. Ƙananan zanzaron nan ruwan fure su ke sha. Idan itatuwan wuri iri ɗaya ne, furensu ya kan zo lokaci ɗaya ya wuce lokaci ɗaya. Idan iri-iri ne, wannan ya yi fure da kaka, wancan da rani, wani da bazara. Gawo ma da rani ya ke ganye, sa'ad da sauran suka tuɓe, ya zama mafaka gare su.

4. SHAIDA DAGA MAƊACI DA LOKO

Maɗaci da danginsa na kurmin kudu suna da katako mai tsada. Tun zamanin mulkin Turawa ma'aikatan daji suka yi ta ƙoƙarin dasa su gona guda a Najeriya da Gana, abin bai yi kyau ba. Dalili, wata faɗa-wuta ce ke saka ƙwai bisa ɗanyen tsiro na can ƙoli. Tsutsarta ta huda tsiron ta shiga tana cin bargonsa, sai kan ya bushe. Itacen ba ya mutuwa, amma ya kan fid da rassa biyu ko uku maimakon ɗaya, su ma a huda su. Daga ƙarshe sai ku ga itace gajere mai gwafa-gwafa, babu miƙaƙƙen gungume da masassaƙi zai so. Amma cikin daji, inda ɗan maɗaci ke tasowa tsakanin waɗansu itatuwa da inuwa a gefensa, ɓarnar ba ta kai haka ba, a can ne a ke samun dogaye miƙaƙƙu.

Haka kuma loko, wanda Yarabawa ke kira iroko. Yana da wani ɗan ƙwaro mai tsotson ɗanyen ganye, wanda ke sa tsiro ya yi ƙullutu-ƙullutu ya ruɓe. Shi ya hana dasa loko gona guda a Afirka ta Yamma. Masanan daji na Gana sun ga gauraya shi da waɗansu itatuwa da ba shi inuwa yana rage cutar, ko da ya ke bai kawar da ita sarai ba.

Kada ku ce misali biyu ko uku ne kurum. A shekara ta 2007 wani masani Bafaranshe mai suna Jactel da abokin aikinsa Brockerhoff suka tattara gwaji 119 daga ƙasashe dabam-dabam, inda aka auna ɓarnar ƙwari ga itace guda, sa'ad da ya ke shi kaɗai da sa'ad da ya ke a gauraye. A shekara ta 2021 Jactel da waɗansu suka sake lissafi da gwaji fiye da 600. Sau biyun duka amsa ɗaya ta fito: a tsakaice ɓarna ta fi sauƙi cikin daji mai gauraye.

5. INDA GAURAYE BA YA ISA

Ba za mu ɓoye muku iyakar maganin ba, domin kada wani ya gwada ya ce an ruɗe shi.

Da fari, gauraye ya fi aiki ga ƙwari masu zaɓen abinci. Ga masu cin kome amfaninsa kaɗan ne, wani lokaci ma babu. A wani kurmi na kudancin ƙasar Sin, a shekara ta 2010, masana sun ba da labari cewa inda itatuwa suka fi yawan iri, ganyen ƙananan itatuwa ya fi shan ci, suka ɗora laifin bisa ƙwari masu cin kome. Fara kuwa, idan ta sauko kamar hadari, babu daji da zai tare ta.

Na biyu, ba kowane haɗi ne gauraye ba. Itatuwa suna da dangi kamar mutane, ƙwaron da ke cin ɗaya ya kan iya cin ɗan'uwansa. Lissafin nan da muka faɗi ya nuna tsaro ya fi ƙarfi idan itatuwan da aka haɗa ba dangin juna na kusa ba ne. Ga waɗansu dangogi domin ku sani. Magarya da kurna ɗaki ɗaya ne. Baure da ceɗiya da gamji da durumi ɗaki ɗaya ne, loko kuwa ɗan'uwansu ne. Maɗaci da dogonyaro dangi ne. Gawo da bagaruwa da ɗorawa da ƙirya dangi ne, tsamiya da kalgo da taura da doka kuwa 'yan'uwansu ne na nesa kaɗan, dukansu zuriyar wake ne. Kuka da kaɗanya da aduwa da kanya da ɗinya da giginya, kowanne da gidansa dabam.

Na uku, daji mai itatuwa iri-iri ya fi yawan ire-iren ƙwari, tun da ya ke kowane itace yana da nasa baƙi. Shi ya sa kurmin ƙasashen zafi ya fi dajin ƙasashen sanyi yawan irin ƙwari nesa ba kusa ba. Za ku ga huji-huji a ganye ko'ina. Wannan ba annoba ba ce, itace mai lafiya ba ya jin ɗan cin nan. Abin tsoro shi ne iri ɗaya na ƙwari ya yawaita ya rufe kome. Garin da ke da masu sana'a iri-iri ya fi zama lafiya bisa garin da mayaƙa kaɗai suka cika.

6. ZAFI DA SANYI DA RUWAN SAMA

Yanzu sai mu juya ga abu na biyu, watau yanayi. Ƙwaro ba shi da ɗumin jiki na kansa kamar mutum ko akuya, zafin jikinsa na bin zafin iska. Kun ga yadda fara ke yin sanƙarau da asubar hunturu har yara su kama ta da hannu, rana na ɗagawa ta tashi. Idan ɗumi ya ƙaru, ƙwai ya kan ƙyanƙyashe da wuri, tsutsa ta ƙara ci, ta girma da sauri, ƙwaron da ke haihuwa sau biyu a shekara ya yi sau uku.

To, duniya tana ƙara zafi, mafi yawa saboda hayaƙin gawayin ƙasa da man fetur da gas da mutane ke ƙonewa, da kuma saran daji. Masana sun auna, zafin duniya tsakanin 2011 da 2020 ya ɗara na tsakanin 1850 da 1900 da wajen digiri 1.1. Wani lissafi da aka yi a 2018 ya nuna kowane digiri ɗaya da ya ƙaru zai ƙara hasarar da ƙwari ke yi wa alkama da shinkafa da masara da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari, mafi yawa a ƙasashen sanyi.

A ƙasashen sanyi, hunturu shi ne mai kashe ƙwari. Da ya yi sauƙi, ga abin da ya biyo. Tsutsan nan ta fayin a Faransa ta matsa arewa kilomita 87 tsakanin 1972 da 2004, ta shiga inda dā sanyi ke hana ta zama. A yammacin Kanada, a lardin Biritish Kolombiya, akwai wani ƙwaro mai huda ɓawon fayin, bai fi ƙwayar shinkafa girma ba. Yanki mai faɗi na dajin wurin fayin ne iri ɗaya, tsofaffi. Daga ƙarshen shekarun 1990 sanyi bai ƙara yin tsananin da zai kashe tsutsarsa ba, sai ya yaɗu cikin daji fiye da hekta miliyan 18, hekta ɗaya kuwa wajen eka biyu da rabi ce. A shekara ta 2006 iska ta ɗauke shi ya ƙetare manyan duwatsu zuwa lardin Albata.

Fari kuwa, ta wajen itacen ya ke yin ɓarna. Itace mai ƙoshin ruwa, idan ƙwaro ya huda shi, ya kan fid da ƙaro ya toshe ramin, ya nutsar da ƙwaron ciki. Itace mai ƙishi ba shi da ruwan yin ƙaro isasshe. A Jamus da ƙasar Cek an daɗe ana dasa wani ɗan'uwan fayin gona guda, saboda katakonsa. Aka yi zafi da fari a 2018 da 2019 da 2020, ƙwaro mai huda ɓawo ya haihu har sau uku a shekara a waɗansu wurare, dazuzzuka masu faɗi suka bushe a tsaye. Yanzu ma'aikatan dajinsu suna gargaɗin a dasa iri-iri. Ku duba, labarin dogonyaron Cadi ke nan ya sake aukuwa a wata ƙasa: iri ɗaya, ga kuma fari.

A ƙasashenmu na zafi sanyi ba shi ne babban mai tsaro ba, zafin bazara ma idan ya yi tsanani ya kan kashe ƙwari. Abin da ya fi shafarmu shi ne rikicewar ruwan sama. Bayan farin 1972 zuwa 1974 ne tsutsar kan gero ta zama babbar cuta a ƙasashen bakin hamada, wadda ke yanka hanya mai kewaye cikin zangarniya kamar murɗin igiya. Fara ta gida ta yi yawa ƙwarai a 1974, ta sake yi a 1985 da 1986, sau biyun duka sa'ad da ruwa ya komo bayan fari. Fara mai ƙaura ita ma ruwa ke tashe ta. Wadda ta dami kakanninku daga 1928 zuwa 1941 a fadamun kogin Kwara ta taso, cikin ƙasar Mali ta yanzu. Ta hamada kuwa ta sauka Nijar a 2004. A 2018 guguwar teku ta zuba ruwa sau biyu cikin hamadar kudancin ƙasar Larabawa, ciyawa ta tsiro inda ba a saba ba, fara ta hayayyafa ba mai gani. A 2019 da 2020 ta mamaye Afirka ta Gabas, har Kenya ta ga abin da ba ta gani ba shekara 70.

Ba ku da iko bisa zafi ko ruwan sama. Amma kuna da iko bisa irin itatuwan da za su tsaya a ƙasarku sa'ad da mummunar shekara ta zo. Daji mai iri-iri, in fari ya kayar da ɗaya, wani ya jure. In ƙwaro ya cinye wannan, wancan ya tsira. Mai kaza ɗaya shi ne shaho ke talautawa.

7. RIBAR MANOMI

Wani zai ce, wannan zancen ma'aikatan daji ne, ni gero na ke nomawa. To, ku ji. A ƙasar Sanagal, wajen garin Bambey, masana sun rufe waɗansu zangarniyoyin gero da yadi mai raga, domin kada tsuntsu ko wani maƙiyin tsutsa ya kai gare su, suka bar waɗansu a buɗe. Suka ga maƙiyan nan suna kashe babban rabo na tsutsar kan gero, aikinsu kuwa ya fi ƙarfi a gonakin da itatuwa ke kewaye da su da yawa, iri-iri. Itacen da ke tsaye a gonarku yana yi wa geronku gadi.

Ba kuwa sai da kuɗi ba. A ƙasar Maraɗi, tun daga wajen 1984, manoma suka fara abin da a ke kira sassaben zamani. Maimakon su sare dukan tohon da ke fitowa daga kututture, sai su zaɓi masu ƙarfi biyu ko uku su bari, su gyara su. Al'adar ta yaɗu har Damagaram. An kimanta gonaki wajen hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa, wajen miliyan 200.

Mun san abin da a kan ce: itace yana kawo tsuntsaye masu cin gero, inuwarsa kuma tana danne shuka. Akwai gaskiya a ciki. Amma jan-baki daga nesa ya ke zuwa garke-garke, sare itacen gonarku ba ya hana shi sauka, sai dai ya kori masu cin tsutsa. Inuwa kuwa sassabe ne maganinta, ku rage rassan ƙasa da farkon damina. Gawo ma ya ɗauke muku wannan wahala, da damina ba shi da ganye, abin da ya zubar kuwa taki ne.

8. ABIN DA ZA KU YI

Na 1. Dagaci ya sa a ƙidaya ire-iren itatuwan gari da na makiyaya. In iri ɗaya ya rinjaya, a nemi waɗansu a bana. Ba mu ce a sare dogonyaro ba, a yi masa maƙwabta.

Na 2. In za ku yi gandun itace ko shingen tare iska, ku haɗa iri huɗu ko biyar daga dangi dabam-dabam. Ku sassarƙa su cikin layi, kada kowane iri ya zauna unguwarsa dabam.

Na 3. In kuna son maɗaci miƙaƙƙe, ku dasa shi jefi-jefi tsakanin itatuwa masu saurin girma, waɗanda za su tare shi daga gefe, su bar masa haske daga bisa. In kansa ya rabu, ku datse, ku bar tsiro ɗaya mai ƙarfi.

Na 4. Wajen sassabe, kada ku bar iri ɗaya kurum. Ku bar gawo, ku bar aduwa da magarya da kalgo da sabara da marke, gwargwadon abin da ƙasarku ke fitarwa.

Na 5. Ku taimaki dashe da ruwa. Ku yi masa ɗan gurbi kamar rabin wata ta wajen gangare domin ya tare ruwan sama, ku rufe gindinsa da ciyawa. Kada ku yi wa itace mugun sara ko ɓare ɓawo cikin shekarar fari.

Na 6. Ku duba dashe da kyau kafin ku kawo shi daga wani gari, ku juya bayan ganye. Wanda ke da ƙwari manne, kada ya shigo. Reshen da ƙwari suka cika, ku yanke ku ƙone.

Na 7. Ku hana cinna wa daji wuta da tsakiyar rani. Ta kan kashe ƙananan itatuwa, ta bar masu kaurin ɓawo kaɗai, da haka daji ke komawa iri kaɗan.

Na 8. Ku kwaɓi yara su bar harbin tsuntsaye masu cin ƙwari da kwashe ƙwansu. Kada ku fesa maganin ƙwari don ganin ɗan huji a ganye, gama guba ba ta rarrabe tsutsa da zanzaro. Ku nemi shawarar malamin gona tukuna.

Na 9. A ajiye littafi a gidan dagaci. A rubuta ranar ruwan fari na kowace shekara, da ranar da aka fara ganin kowane ƙwaro, da itace ko shukar da ya kama. Bayan 'yan shekaru littafin zai gaya muku lokacin da za ku zauna da shiri. In kun ga baƙon ƙwaro, ku sa shi cikin kwalba tare da ganyen da ya ke ci, ku kai wa malamin gona ko malamin daji. In kun ga fara tana taruwa, ku kai labari a ranar, kada ku kwana.

Itacen da kuka dasa bana, jikokinku ne za su ga tsufansa, cikin zamanin da zai fi wannan zafi. Ku zaɓa musu da hankali, rigakafi ya fi magani. Wanda takardan nan ta zo hannunsa, ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a dandali ko a ƙofar mai gari, tun damina ba ta faɗi ba. Allah ya ba mu damina mai albarka.